Ba Yawan Amfiya Ke Ƙona Amfilifaya Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu sayar da kayan lantarki da masu gyaransu, tun daga Sabon Gari a Kano har rumfunan kasuwar ƙauye, wai adafta mai amfiya da yawa tana ƙona ƙaramar amfilifaya. Mutum ya zo da 'yar amfilifayar makarantar Islamiyya, ko ta shago, ko wadda ladan ke kiran salla da ita a masallacin unguwa, adaftarta ta mutu yana neman wata. A jikin na'urar an rubuta bolt 12, amfiya 2. Ya ɗauki adafta mai bolt 12, amfiya 5, sai mai shago ya riƙe masa hannu: "A'a Alhaji, wannan ta fi ƙarfin kayanka, wuta za ta yi masa yawa. Ga mai amfiya 1, ita ce daidai." Alhaji ya yi godiya, ya biya, ya tafi da abin da ba da jimawa ba zai sake dawo da shi shagon.

Ban ɗauki masu faɗin haka a matsayin jahilai ko macuta ba. Yawancinsu da hannu suka koyi sana'ar a gaban maigida, sun ga ayisi ya tsage, sun shaƙi warin kondensar da ta fashe, abin da mai karatun littafi zalla bai taɓa gani ba. Idan irin wannan mutum ya ce ya jona babbar adafta na'ura ta ƙone a gabansa, ba ƙarya yake yi ba. Inda muka rabu shi ne wajen wanda ya ɗora wa laifin. Tsoron amfiya ya sa ana sayar wa mutane adaftar da ta yi wa na'urarsu kaɗan, kuma da yawa daga cikin amfilifayoyin da ake kawowa gyara lafiyarsu ƙalau, yunwar wuta kawai ke damun su.

Hujja ta farko tana cikin ɗakin kowa. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya an yi shi ne ya ɗauki har amfiya 13. A soket guda uwargida take jona dutsen guga mai wat 1000, wanda ke jan sama da amfiya 4, ta cire shi ta jona cajar waya wadda ba ta jan ko rabin amfiya. Ba a taɓa jin cajar ta ƙone don soket ya fi ƙarfinta ba. Hujja ta biyu tana cikin mota. Batirin mota yana iya ba da amfiya ɗaruruwa a lokacin tayar da inji, amma rediyon motar, wanda shi ma ƙaramar amfilifaya ce a cikinsa, daga wannan batirin yake shan 'yan amfiyoyinsa shekara da shekaru. Da maganar nan gaskiya ce, da babu rediyon motar da zai kwana.

Dalilin kuwa an san shi tun 1827, lokacin da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa ƙa'idar da ake kira da sunansa: yawan amfiyar da ke bi ta cikin abu ya dogara ne ga bolt ɗin da aka ɗora masa da kuma turjiyar abin, wadda ake aunawa da om. Ka raba bolt da om, ka sami amfiya. Abu mai om 6 idan aka ba shi bolt 12, amfiya 2 zai ja, ko daga adafta mai amfiya 5 ne, ko daga batirin tirela. A kwatanta da tankin ruwa a saman gida. Tsawon hasumiyar da aka ɗora tankin shi ne bolt, domin shi ke sa ruwa ya zo da ƙarfi. Kaurin bututun da ya sauko shi ne amfiyar da aka rubuta a jikin adafta. Famfon da ke ƙasa shi ne amfilifaya. Komai kaurin bututu, iya buɗewar famfo ruwa zai fito. Abin da ke fasa famfo shi ne a ɗaga tankin ya yi sama fiye da yadda famfon zai jure. Saboda haka lambar amfiya a jikin adafta iyaka ce, tana gaya maka mafi yawan abin da adaftar za ta iya bayarwa idan an nema. Lambar bolt ita ce wadda adafta ke tilasta wa na'ura, ko tana so ko ba ta so.

To, me ya ƙona na'urar da maigida ya gani da idonsa?

Amsar da ta fi yawa ita ce wadda ta fi ba masu wannan ra'ayi uzuri. Tsofaffin adaftoci masu nauyi, waɗanda ke da taransifomar ƙarfe a ciki, akasarinsu ba su da abin da ke daidaita bolt ɗin da suke fitarwa. Lambar 12 da ke jikinsu tana tabbata ne kawai idan ana jan dukan amfiyar da aka rubuta. Idan ba a jan komai, ko kaɗan ake ja, ɗora mita za ka ga 16, 17, wani lokaci har 18. Wutar da ke fitowa daga taransifoma mai kai-da-komo ce, ƙololuwarta ta ninka lambar da ake kiranta da ita kusan sau 1.4, kondensar da ke tace ta kuma har wannan ƙololuwa take cika idan ba mai ɗiba. Yanzu ɗauki ƙaramar amfilifaya ka jona ta da irin wannan adafta mai rabin amfiya. Jan da take yi ya isa ya danne bolt ɗin zuwa kusa da 12, sai a zauna lafiya. Sauya mata da 'yar'uwarta mai amfiya 3. Wannan ba ta ma san ana jan ta ba, tana nan a 17 ɗinta. Ayisin LM386, wanda ke cikin ƙananan rediyoyi da sifikoki marasa iyaka, an yi shi ne ya yi aiki tsakanin bolt 4 da 12, kuma kamfanin da ya ƙera shi ya ce kada a wuce 15, in ban da samfurin N-4 da ke kaiwa 18. Kondensar da ke kusa da shi sau da yawa bolt 16 aka rubuta mata. Sai hayaƙi. Maigida ya duba adafta, ya ga abin da ya bambanta ta da ta farko a rubuce shi ne amfiya, ya yanke hukunci. Bolt biyar ɗin da suka ƙaru ba a rubuce suke ko'ina ba, mita kaɗai ke nuna su. Adaftocin zamani marasa nauyi, irin na dikoda da na kwamfuta, ba su da wannan hali. Idan masu kyau ne, 12 ɗinsu 12 ne, ko ana ja ko ba a ja.

Sauran masu laifin ba su da wuyar ganewa. Cajar kwamfutar hannu tana da amfiya 3 ko 4, kanta kuma yana shiga ramin amfilifayoyi da yawa, amma bolt 19 take fitarwa. Fanel ɗin sola da ake kira na bolt 12, idan rana ta take kuma ba a jona shi da komai ba, yana kaiwa 21 ko 22, shi ya sa jona amfilifaya kai tsaye da fanel ba tare da batir da na'urar daidaita caji ba ganganci ne. 'Yan allunan nan masu ayisin PAM8403 da yara masu sha'awar haɗa sifika ke saye da araha, bolt 5 suke so, 6 ne iyakarsu. Ba su cajar waya mai amfiya 2, su yi ta aiki. Ba su ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9, wanda ko amfiya ɗaya ba ya iya bayarwa da kyau, su mutu nan take. Wannan misali kaɗai ya isa ya nuna wane ne mai kisan.

Sai juya waya. Kan adafta mai rami a tsakiya, mai kaurin milimita 5.5, galibi tsakiyar ce mai alamar tarawa, bayan kuma mai alamar ɗebewa. Amma ba kullum ba. Wasu tsofaffin fiyano na Casio da na'urorin jita na Boss akasin haka suke, kuma adaftocinsu suna yawo a cikin kayan gwanjo. Daƙiƙa ɗaya ta wuta a juye ta isa ta kashe ayisi ta kumbura kondensa. Akwai kuma adaftocin da wutar kai-da-komo suke fitarwa, ba miƙaƙƙiya ba. Ana gane su da alamar layi mai lanƙwasa a gaban lambar bolt, a maimakon miƙaƙƙen layi mai ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa. Kansu iri ɗaya ne da na sauran.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma shi ya fi shafar masallatai da masu talla a mota. An sayi amfilifaya da za ta tuƙa lasifika ɗaya mai om 8 ko 4. Jama'a ta ƙaru, aka ce a ƙara lasifika ta fuskanci gabas, wata ta fuskanci kasuwa, wata ɓangaren mata. Yaron da ya iya haɗa waya ya murɗe jajayen wuri guda, baƙaƙen wuri guda. Lasifika biyu masu om 8 a irin wannan haɗi sun zama om 4, guda huɗu sun zama om 2. Turjiya ta ragu, don haka amfilifaya tana neman amfiya ninki huɗu na abin da lasifika ɗaya mai om 8 ke ja. Muddin adaftar raunanniya ce, ba ta iya bayarwa, sauti yana fita a shaƙe, amma ayisi yana raye. Ranar da aka kawo adafta mai ƙarfi, ko batirin mota, sai amfilifaya ta sami abin da take nema, ta yi zafi ta ƙone. A nan ma za a ce amfiya ce. Ciwon ya daɗe a wurin, raunin tsohuwar adafta ne ya rufe shi. Maganin shi ne a haɗa lasifikokin biyu-biyu a jere, jar wannan a baƙar waccan, sannan a haɗa jerin biyu gefe da gefe, sai huɗun su koma om 8. Idan kuwa lasifikokin suna da yawa kuma nesa da juna, aikin ya wuce ƙaramar amfilifaya, sai irin na Ahuja ko TOA masu layin bolt 100, inda kowace lasifika ke da 'yar taransifomarta.

Adalci ya sa a faɗi inda maganar take gaskiya tsantsa. Batirin da ake caji kai tsaye, da ƙwan LED tsirara wanda ba a sa masa abin da zai tare wuta ba, waɗannan ba su iya ƙayyade abin da suke ja, yawan amfiya yana lalata su. Wanda ya fara sana'a da cajin batir yana da dalilin tsoron amfiya. Kuskuren shi ne ɗaukar hukuncin batir a ɗora wa amfilifaya.

Yanzu a dubi abin da ƙaramar adafta ke jawowa, tunda ita ake ba mutane da sunan kariya. Amfilifaya ba ta jan wuta bai ɗaya. Idan shiru ake, kaɗan take ja. LM386, misali, kusan miliamfiya 4 kawai. Idan ladan ya ɗaga murya, ko ganga ta buga, jan yana tashi farat ɗaya. Adaftar da ba ta da abin bayarwa sai bolt ɗinta ya faɗi. Mai taransifoma takan sa sauti ya dusashe, ya riƙa karkarwa, da wani gurnani a ƙarƙashinsa. Ta zamani takan kashe kanta ta sake kunnawa, sai a ji sauti yana yankewa yana dawowa daidai lokacin da aka ƙara murya. Mai na'ura ya ga sauti bai kai ba, ya ƙara murɗawa har ƙarshe. Sautin da aka matsa wa amfilifaya ta fitar fiye da bolt ɗin da take da shi yana fita ne da kai a gutsure, kuma irin wannan gutsurarren sauti yana dafa siririyar wayar da ke naɗe a cikin lasifika, musamman ƙananan masu fitar da siririyar murya. Ita kuma adaftar tana aiki a iyakar ƙarfinta, tana zafi. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafin inuwa ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu ƙera kondensa suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. Adafta mai amfiya 5 da ake jan 2 a jikinta tana aiki a sanyaye, ta daɗe. Mai amfiya 1 da ake neman 2 a wurinta ita ce take narkewa a bayan labule.

Lissafin abin da ake bukata ba shi da wuya, sai dai kada a yi shi da lambar da ke jikin kwali. Akwati ɗan mitsitsi mai bolt 12 da aka rubuta masa wat 500 ko 1000, da haruffan PMPO a gefe, talla ce kawai. Da bolt 12 da lasifika mai om 4, amfilifaya mai fita ɗaya ba za ta wuce wat 4.5 na sauti mai tsabta ba. Mai haɗin gada, wadda ke tura ƙafafun lasifika biyu a lokaci guda, iyakarta wat 18. Ƙa'idar Ohm ce ta yanke haka, ba ingancin kamfani ba. TDA2030 da masu gyara suka sani da wat 14, sai an ba shi bolt 14 sama da 14 ƙasa, wato 28, yake ba da su. TPA3116 da ake tallarsa da wat 50 sau biyu, sai a wajen bolt 21 yake kaiwa nan, kuma shi yana ɗaukar har 26, shi ya sa cajar kwamfuta mai 19 ta dace da shi alhali tana kashe wasu, matuƙar kondensocin da ke kan allon su ma sun kai. A bolt 12, hannayensa biyu tare ba za su wuce wat 36 ba. Ƙara abin da ke tafiya a zafi, kusan kashi 10 cikin ɗari a irin wannan samfuri, ka sami wat 40. Raba da 12, ka sami amfiya 3 da ɗoriya. Adafta mai amfiya 5 ita ce daidai da shi. Tsofaffin samfura irin su TDA2030 da TDA2003 kusan rabin abin da suka ja yana tafiya a zafi, don haka a ninka musu lissafin.

Wannan fahimta tana sauya yadda ake binciken amfilifayar da ta ƙi aiki. Abin da aka saba shi ne a buɗe, a ɗauki kan dalma, a cire ayisi a sa sabo. Ni a ganina ayisi shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, domin ya fi kowa wuyar cirewa, kuma sabon da za a saya ba lalle ne ya kai tsohon inganci ba, kasuwa ta cika da jabu. A fara da ido da hanci: kondensar da kanta ya kumbura, wurin da ya yi baƙi, dalmar da ta tsage a ƙafar ramin adafta ko ta maɓallin murya, ƙurar hunturu da ta toshe ƙarfen sanyaya ayisi. Daga nan a auna wutar, kuma a auna ta lokacin da amfilifaya ke kunne tana magana da ƙarfi, a kan allon kansa, ba a bakin adafta tana zaune ba aiki ba. Idan 12 ta koma 9 duk lokacin da murya ta tashi, an gama bincike: ko adafta ta yi kaɗan, ko wayar ta yi siriri da tsawo.

Lasifika ana gwada ta da batirin tocila mai bolt 1.5. A taɓa ƙafafunta, idan ta yi ƙwas tana da rai. A mita, mai om 8 takan nuna 6 ko 7, wannan daidai ne. Idan ta nuna kusan sifili, ko ba ta nuna komai ba, ita ce mara lafiyar. Kafin a jona sabuwar lasifika a amfilifayar da ake zargi, a auna bakin fitar sauti ba tare da ana kunna komai ba. Bai kamata a ga miƙaƙƙiyar wuta tsakanin ƙafafun biyu ba. In an ga bolt da yawa a wurin, lasifikar da za a jona ita ma za ta bi ta farko. A kan LM386, ƙafa ta 5 ya kamata ta nuna rabin bolt ɗin da aka ba shi. Idan ta manne sama ko ƙasa, to yanzu an sami dalilin zargin ayisi. Kuma a amfilifaya mai haɗin gada, irin PAM8403 da TPA3116, kada a haɗa baƙaƙen wayoyin lasifikokin hagu da dama wuri guda, kada kuma a taɓa su da jikin ƙarfe, domin kowace tana ɗauke da wuta.

Gurnani shi ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma rarrabe shi abu ne mai sauƙi ga wanda ke da batir a kusa. Cire adafta, jona batir. Idan gurnanin ya ɓace, daga wuta yake, ko adaftar ce ba ta tace wuta da kyau, ko babbar kondensar tacewa, mai maikrofarad 2200 ko 4700, ta bushe. Wutarmu tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, bayan an miƙar da ita ragowar rawar tana zama sau 100, ita kunne ke ji. Idan gurnanin bai ɓace ba, cire wayar makirufo ko ta waya. In ya tafi da ita, wayar ce ba ta da rigar kariya, ko rigar ta tsinke, ko an ja ta kusa da wayar wutar gida. Idan kuma ba sauti sam, a amfilifayar da ke kan batir, taɓa bakin shigar sauti da tsinin sukuddireba. Jin ƙara yana nufin daga nan zuwa lasifika lafiya, matsalar tana baya.

Tsofaffin masu gyaran rediyo suna da wata dabara da ta cancanci a raya ta, kuma ita ce amsar gaskiya ga mai tsoron babbar adafta. Kafin a ba na'urar da aka gyara cikakkiyar wuta, a sa ƙwan fitila mai zare a jere da ita: mai wat 60 idan wutar gida ce, ƙwan birki na mota mai wat 21 idan bolt 12 ne. Ƙwan LED ba ya wannan aiki. Idan na'urar lafiya take, ƙwan zai ɗan haska ya dushe. Idan akwai wayoyin da suka haɗu a ciki, zai kama da haske sosai, ya shanye wutar, ba abin da zai ƙone.

Nan ne ya kamata tsoron amfiya ya koma. Babbar adafta ko batir ba sa cutar da lafiyayyiyar amfilifaya, amma ranar da waya ta goge ta haɗu da 'yar'uwarta, mai amfiya da yawa yana da abin da zai zuba a wurin. Batirin mota yana iya mayar da siririyar waya ja wur cikin daƙiƙoƙi, ya kama tabarma ko kafet. Maganin wannan shi ne fis, ba ƙaramar adafta ba. A sa shi a jar waya, dab da kan batir, mai lamba kaɗan sama da abin da na'urar ke ja: amfiya 5 ga mai jan 3. Abin mamaki, sau da yawa wanda ya hana ka sayen adafta mai amfiya 5 shi ne zai naɗe fis ɗin da ya ƙone da takardar sigari ko zaren waya, ya ce ya gyara. Fis ɗin da ya ƙone labari yake bayarwa. A nemo abin da ya ƙona shi, a sa wani mai lamba iri ɗaya. Wanda ke yawan cirewa da jona batir kuma ya sa diyod a jere, irin 1N5408 mai ɗaukar amfiya 3, ya kare na'urar daga ranar da za a juya waya cikin duhu. Abin da zai rasa kusan bolt ɗaya ne kawai.

Saura haɗarin da ba a cika magana a kansa ba, wanda ya fi ƙonewar ayisi nesa ba kusa ba. A cikin adaftar zamani, ɓangaren da ke shan wutar gida yana da kondensa mai riƙe kusan bolt 325 idan wutar ta kai 230, kuma tana iya riƙe su bayan an zare fulogi. Abin da ya raba wannan ɓangare da wayar da ke zuwa amfilifaya, daga nan zuwa makirufon da ke bakin ladan ko ɗalibi, 'yar taransifoma ce da tazarar 'yan milimitoci a kan allo. Adaftocin bogi a nan suke tsumulmula. Su ne kuma ke rubuta amfiya 5 alhali ko 2 ba su iyawa. Idan makirufo yana ɗan cizon leɓe, ko jikin amfilifaya yana tsikarar hannu, a daina amfani da wannan adafta a ranar, kada a jira ta gyaru, musamman a wurin da ake tsayawa ba takalmi bayan alwala. Adaftar asali da aka ciro daga tsohuwar dikoda ko firinta ta sanannen kamfani ta fi sabuwa fil mara suna aminci. A duba kuma abin da aka rubuta na wutar shiga. Mai 100 zuwa 240 tana jure hawa da saukar wutar Nepa da ta ƙaramin janareta fiye da mai taransifoma, wadda bolt ɗin fitarta ke bin na shigarta sawu da ƙafa. Wadda aka yi don Amurka kaɗai, mai 120, ba ta da wurin zama a soket ɗinmu. Wanda bai koyi aikin ba kuma kada ya buɗe adafta. Kuɗin sabuwa bai kai a sa rai a kansa ba.

Roƙona ga 'yan'uwa masu shago da iyayen gidanmu masu gyara shi ne a ajiye mita a kan teburi, a auna kowace adafta a gaban mai saye kafin ya biya. Bolt ya zo daidai da abin da na'urar ta nema, tsakiyar kan ta dace da alamar da ke jikin ramin, wutar ta zama miƙaƙƙiya, adaftar ta zama ta kirki, fis yana wurinsa. Idan waɗannan sun cika, a bar Alhaji ya tafi da mai amfiya 5 ɗinsa.